Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga sarakuna, masu gari da limaman jihar Tawa: a duba raunin kafin a ce ta koma ɗakinta

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe iyayenmu sarakuna, hakimai, masu gari da masu unguwa. Allah ya gafarta malamanmu limamai.

Mu ungozomai ne da ma'aikatan likita, tare da wasu daga cikin masu raka mata gidan shari'a a jihar Tawa. Ku muka zaɓa mu rubuta wa, domin rigimar aure a ƙasar Adar ƙofarku take fara zuwa. Kafin mace ta ga jandarma ko alƙali, ta riga ta durƙusa a zaurenku. Doka ma da haka ta san zaman: Nijar ba ta da kundin dokar iyali, yunƙurin da aka yi a 1993 da wanda aka sake a 2011 duk sun watse, aure da saki sun rage a hannun al'ada da Musulunci, kuma dokar sarautar gargajiya ta 2015 ta bar wa sarakuna ikon sasanta mutane a irin waɗannan al'amura. Abin da kuka yanke a zaure, da shi mafi yawan mata ke kwana da tashi.

Roƙonmu guda ne. A daina auna kowace ƙara da mudu ɗaya. "Ki yi haƙuri ki koma, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa" magana ce mai kyau ga waɗanda suka saɓa kan cefane ko kan rabon kwana. Ga matar da aka shaƙe wa wuya jiya da dare, wannan magana tana iya zama ajalinta. Kafin a fara sulhu sai an tantance wace irin ƙara ce, kuma tantancewar ba ta cin rabin awa.

A fara jin matar ita kaɗai. Ba a gaban miji ba, ba a gaban uwar miji ko ƙanensa ba, domin ba za ta faɗi gaskiya tana kallon mutanen da za ta kwana cikinsu ba. A sa wata dattijuwa mai riƙon asiri ta zauna, wadda ba dangin miji ba ce. Kada a buɗe da "me kika yi masa?" Wannan tambaya ta riga ta yanke hukunci, kuma da zarar mace ta ji ta sai ta rufe baki. Kusan shida cikin goma na matan Nijar da aka tambaya a babban binciken lafiyar iyali na 2012 sun ce miji yana da hujjar dukan matarsa a kan wani dalili, kamar ƙona abinci ko fita ba izini. Ke nan wadda ta iso gabanku da ƙara ta riga ta tsallake abin da aka koya mata tun tana ƙarama, ba da wasa ta zo ba.

Ga abin da za a tambaye ta. Ya taɓa kama miki wuya? Ya taɓa ɗaukar wuƙa, adda, taɓarya ko itace? Ya taɓa cewa sai ya kashe ki, ko ya kashe kansa? Ya dake ki kina da ciki? Dukan yana ƙaruwa, daga sau ɗaya a shekara zuwa kowane mako? Yana shan taramol ko giya? Yana kulle ki, yana ƙwace salula, yana hana ki zuwa likita? Sannan ta ƙarshe, wadda ta fi sauran nauyi: ke a ranki kina tsoron zai kashe ki? Idan ta amsa da e ko da ga ɗaya daga cikin na wuya, makami ko barazanar kisa, ba a yin sulhu a ranar, ba a mayar da ita a daren.

Mun sa shaƙewa a gaba da gangan. Wani bincike da aka yi a Amurka ya nuna matar da mijinta ya taɓa shaƙewa haɗarin ya kashe ta daga baya ya ninka kusan sau bakwai. Matsa jijiyoyin wuya na daƙiƙa goma kawai yana iya sa mutum ya suma, kuma sau da yawa fata ba ta nuna komai, balle a baƙar fata. Sai mai gari ya duba wuya ya ce ai ba rauni. Alamun suna wani wuri: murya ta dushe, haɗiyar miyau da zafi, jajayen ɗigo a cikin farin ido, ko ta ce ta farka ta tarar ta yi fitsari a zane ba ta san lokacin ba. Kumburin maƙogwaro yana iya tasowa bayan kwana ɗaya ko biyu ya toshe numfashi. Wannan mace likita za a kai ta nan take, ko da tana tafiya da ƙafarta tana cewa ba komai.

Haka mai ciki da aka naushe ko aka hamɓare a ciki. Mabiyiya tana iya ɓallewa daga jikin mahaifa jini ya taru a ciki, ba ɗigo ko ɗaya a waje. Ciki ya yi tauri, ciwo ba ya lafawa, motsin ɗa ya ragu: wannan ba na jira gari ya waye ba ne. Wadda aka buga wa kai da bango, idan tana amai, ko barci yana fizgarta, ko ciwon kai yana ƙaruwa, jini ne mai yiwuwa ke taruwa cikin ƙoƙon kai. Marin da ya sauka kan kunne yakan huda dodon kunne. Kada a ɗiga mai ko ruwan magani, a bar shi a bushe a je a duba. Ƙunar ruwan zafi ko tafasasshen mai, a yi ta zuba ruwa mai sanyi na minti 20, ban da man goge haƙori, ban da ɗanyen ƙwai, ban da toka. Idan kuwa an yi wa yarinya ko mace fyaɗe, maganin da ke kare ta daga sida sai an fara shi cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki kuma cikin kwana 5. Zaman dangi na kwana huɗu ana shawarar yadda za a rufa asiri shi ke cinye wannan lokaci.

Zuwa likita ba kai ƙara ba ne, a gaya wa dangi haka su kwantar da hankali. Amma a nemi takardar shaidar likita tun raunin yana ɗanye. A cikinta ake rubuta irin raunin, inda yake, girmansa, da yawan kwanakin da ba za ta iya aiki ba, kuma da ita alƙali ke aiki. Idan za a kai ƙara, komisariya ko jandarma su ke ba da takardar da ake kai wa likita ya duba ta. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a jira mako biyu ana sulhu, kumburi ya sace, shatin bulala ya baje, sannan a zo neman takarda. Likita ba ya rubuta abin da bai gani ba. A ɗauki hoto da salula a ranar, ɗaya daga nesa fuska ta fito, ɗaya daga kusa, a tura wa wani ɗan'uwa amintacce, a goge daga wayarta idan miji yana bincike. Dokar hukunta laifuka ta ƙasa ta ɗauki duka da jin rauni laifi ne, ba ta ce ban da miji ba. Wadda ba ta da kuɗin lauya, akwai ofishin hukumar ANAJJ a manyan kotuna irin na Tawa da Birnin Ƙonni, aikinsa taimakon marasa ƙarfi ta fuskar shari'a. Ikonku na sulhu bai kai ga karaya, fyaɗe, ɓarin ciki ko kisa ba. Waɗannan na hukuma ne, mai garin da ya binne su a zaure ya ɗauki alhaki.

Sai maganar inda za ta kwana. Al'adarmu tana da yaji da biko, kuma tsari ne mai hikima in an bi shi da gaske: mace ta tafi gidan iyaye, miji ya biyo da manya, a ji laifi, a gindaya sharaɗi. Yau an mayar da shi je-ka-na-yi-ka. Uba yana jin kunyar surukai, ko rumbu ba hatsi, sai ya sa ƙanenta ya mayar da ita kan babur kafin magariba, mijin bai ko tako ba. Abin da ya koya shi ne duka ba ya da farashi. Ku sani kuma lokacin da mace ta fita ko ta ce a sake ta, shi ne lokacin da mugun miji ya fi haɗari. Kada a faɗa masa gidan da take idan akwai barazanar kisa. Kada a aike ta ita kaɗai kwaso kaya. Ta fita da katin ɗan ƙasa, takardun haihuwar yara, katin awo da na rigakafi, da maganin da take sha, domin waɗannan ne miji kan riƙe ya ja ta da su.

Allah ya gafarta malamai, a nan ku ne malamanmu, tuni kawai muke yi. Aya ta 35 cikin Suratun Nisa'i ta ce a tashi mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. Zaman da aka cika da dangin miji, ita kuma ba kowa sai kawun da ya ci goron auren, bai cika wannan umarni ba. Suratul Baƙara aya ta 231 ta hana riƙe mace don a cutar da ita. Nana A'isha ta shaida Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima ba. Mazhabarmu ta Malikiyya kuwa ta fi kowace sauƙaƙa wa matar da ake cuta: Muhtasar na Shehu Halilu ya ce tana da haƙƙin a raba auren saboda cuta bayyananna, ko da shaidu ba su tabbatar an maimaita ba. Amma a aikace me ake yi? Sai a ce mata in tana son fita ta yi hul'i ta mayar da sadaki, har wani ya lissafa kayan lefe da kuɗin buki. Matar da aka karya wa hannu ita ce kuma za ta sayar da akuyarta ta fanshi kanta. Littafin nan dai ya ce dukiyar da aka karɓa ta hul'i ana mayar wa mace idan ta tabbata cuta ce ta tura ta. Haka batun yara. Al'ada tana ba uba yaro da ya kai shekara bakwai, wasu ma tun yaye, alhali a Malikiyya reno na uwa ne har namiji ya balaga, mace kuma har ta tare gidan miji. "In kin fita ki bar mini ƴaƴana" ita ce igiyar da ta fi ɗaure mata a gidan duka. In limami ya faɗi hukuncin nan a huɗubar Juma'a sau ɗaya, ya fi taron faɗakarwa goma.

Yanzu zargin cin amana, wanda shi ne kan gaba wajen jawo duka mafi muni. Adar ƙasar bida ce. Daga Buza, Keita, Illela da Madawa maza na tafiya Abijan, Libiya, Aljeriya da Najeriya, wani damina ɗaya, wani shekara uku ba a ga ƙeyarsa ba. Ya bar matarsa, yarinya ƙarama, a gidan iyayensa, a ƙasar da binciken 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na mata an aurar da su kafin shekara 18. Labari yana isa gare shi ta WhatsApp: an gan ta a bakin rijiya da wane, ana kiranta da dare. Ya dawo da hukuncinsa a aljihu. Idan irin wannan ƙara ta zo, a tambayi mai kawo labarin abin da ya gani da idonsa. Lambar da ba a sani ba a cikin salula ba shaida ba ce. Waya ɗaya mutum biyar ke kira da ita a ƙauye, ana kai ta caji kasuwa ta wuni a hannun wani. Suratun Nur ta nemi shaidu huɗu, ta sa bulala 80 ga mai ƙazafi, ta kuma ba mijin da ba shi da shaida hanyar li'ani, wato rantse-rantsen tsinuwa tsakaninsa da matar, a gaban alƙali. Babu inda aka ba shi bulala ya yi tuhuma da ita. Amsa laifin da aka samu bayan duka ba amsa ba ce, mai jin zafi zai ce e ga komai.

A auna ɗaya gefen da mudun nan. Mijin da ya yi shekara biyu a waje ba aike, ba kira, shi ma ya tauye haƙƙi, kuma shari'a ta ba matar damar kai kuka kan rashin ciyarwa da doguwar ƙaura. Idan kuma ita ce ta kama shi da saƙonnin wata, ba a rufe bakinta da "namiji mijin mace huɗu ne". Aure huɗu daban, neman mata daban.

Abin da mu ke gani a ɗakin awo shi ne sakamakon. Ciwon sanyi yakan zauna a jikin mace ba wata alama, ya hau ya toshe hanyar ƙwai. Bayan shekara biyu ba haihuwa sai a ce juya ce, a yi mata kishiya, ita ma ta kamu. Tunjere yana kashe ɗa a ciki ko a haife shi da ciwo, alhali allurar penisilin tana maganinsa in an gano da wuri. Magani ba ya ci sai an yi wa miji da dukan matansa lokaci guda, a kuma ƙaurace wa shimfiɗa har kwana bakwai bayan an gama. In ba haka ba ciwon zagaye yake yi daga ɗaki zuwa ɗaki. Matsalar ita ce macen ake fara aunawa, saboda ita ke zuwa awon ciki, sai a ce ita ta kawo. Wanda aka fara gano wa ciwo ba lalle shi ya fara ɗauka ba. Da yawa suna ɓoye sakamako, suna shan maganin sida a ɓoye ko su bari gaba ɗaya don tsoron duka. Muna roƙo ku mayar da shi al'ada: wanda ya dawo daga bida, da wanda zai ƙara aure, ya je a auna shi tare da iyalinsa. In sarki ya faɗa, ba mai jin kunya.

Ƙarar da ta fi yawa kuwa ta kuɗi ce, ko da an lulluɓe ta da sunan rashin kunya. "Ta raina ni tun da ta fara samu." Zaman ya sauya, ba kuwa yau ba. Tun aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da aka fara a 1984, mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar duwatsu saboda maza suna bida. Asusun Mata Masu Dubara da ya faro a Maraɗi a 1991 ya kai ƙauyukan da banki bai taɓa zuwa ba. Yau mace tana kiwo, tana sayar da hura da ƙuli-ƙuli, tana sarin albasa a Galmi, wata malamar lakwal ce mai albashi. A gidaje da yawa ita ke cika tukunya daga watan da rumbu ya ƙare har kaka. Mijin da aka rene shi a kan cewa darajarsa ita ce ciyarwa, ya ga ba ya iyawa, wani sai ya nemi girman da hannu. Mun fahimci zafin, ba mu karɓi dukan ba.

Irin wannan ƙara tana sasantuwa, amma da lissafi, ba da nasiha kaɗai ba. A zauna a ƙidaya: tiya nawa ta hatsi gidan ke ci a mako, nawa ne kuɗin cefane, ruwa, itace, sabulu, magani da lakwal. A faɗi abin da miji zai iya kawowa da gaske. Abin da matar ta sa daga dukiyarta a bayyana ko kyauta ne ko rance, domin ciyarwa wajibinsa ce, dukiyarta kuma tata ce, tumakinta da kuɗin adashinta ba na gida ba ne sai da yardarta. Mai tafiya bida ya faɗa a gaban shaidu wa zai riƙa karɓar aike. Rigima da yawa daga nan take: ya turo jika ashirin ta hannun wansa, jika biyar ta isa ga matar, shi yana can yana cewa ta cika ɓarna. A kuma yanke tun yana nan cewa in ciwo ko naƙuda ta zo, za ta tafi likita ba sai an jira izini daga Abijan ba. A Damagaram, makarantun mazaje da aka fara wajen 2008, inda magidanta ke zama suna tattauna lafiyar iyalinsu, sun nuna maza na sauyawa in ƴan'uwansu maza ne suka yi musu magana. Fadar da ake shan shayi kowane dare ta isa wurin yin haka.

Ba maza kaɗai ke duka ba. Akwai matar da ke watsa wa miji ruwan zafi, akwai uwar miji da kishiya da ke haɗa kai a kan amarya, akwai ƴar riƙo da ake azabtarwa. Tambayoyin nan da matakan nan duka ɗaya ne a kansu.

In an tantance ba haɗarin rai, aka yi sulhu, to a rubuta. Doka ta tanadi sarki ya yi takardar sulhu ko ta rashin sulhu, ya ajiye a rajista. A sa kwanan wata, abin da ya faru da sunansa, wato a rubuta "duka" ba "saɓani" ba, sharuɗɗan da miji ya ɗauka, wanda ya tsaya masa, da abin da zai biyo baya in ya sake. Kowane ɓangare ya riƙe kofi, nata a ajiye gidan iyayenta. A sa ranar dubawa, bayan mako biyu sannan bayan wata biyu, dattijuwar nan ta je ta gan ta ita kaɗai, ba a tsakar gida ba. Idan aka dawo karo na biyu da rauni, kada a sake sabon zama kamar ba a taɓa yi ba: a ba ta takardar rashin sulhu ta wuce wurin alƙali. Idan kuma saki ya auku, a rubuta shi da ranarsa da adadinsa, a bar ta ta yi idda a ɗakinta da ciyarwarsa kamar yadda Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce, sai fa in zaman akwai haɗari, sannan ta yi a gidansu shi kuma ya aika da abincin. Sakin baki da ba shaida shi ke barin mace shekara biyu a rataye, ba ta da miji ba ta da damar yin wani.

Kowane mai gari ya riƙe lambar shugaban likitar da ta fi kusa da ta jandarma a salularsa, ya kuma san gida ɗaya a garin da mace za ta iya kwana lafiya in dare ya yi. Ungozomar da ke yankinku a shirye take ta zo zaure ta nuna wa dattijan mata alamun da muka lissafa, ku aika a kira ta.

Allah ya ja zamaninku, ya ƙara wa malamai lafiya.

Daga ƴaƴanku,
wasu ungozomai, ma'aikatan likita da masu raka mata gidan shari'a a jihar Tawa